Lizzie Magie, matar da ta zana wasan mai gidan haya tun kafin a san Monopoly

Tambaya: Na ji an ce wasan Monopoly wata mata ce ta ƙago shi don ta la'anci masu gidajen haya, daga baya aka maƙala wa wani namiji. Gaskiya ne? Wace ce ita, yaya aka yi wasa ya zama hujjar siyasa, kuma ta ina abin ya kuɓuce mata? Ni malamin makaranta ne, ina son in tsara wa ɗalibaina wasan koyarwa.

Amsa: Gaskiya ne, Malam, takardun gwamnati ma suna nan. Ranar 5 ga Janairun 1904 ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka ya ba Elizabeth Magie, wadda aka fi sani da Lizzie, takarda mai lamba 748,626 a kan wani wasa da ta sa wa suna The Landlord's Game, wato wasan mai gidan haya. Charles Darrow, wanda aka daɗe ana cewa shi ya ƙago Monopoly, wasan allo na sayen filaye da karɓar haya, sai a ranar ƙarshe ta 1935 ya samu tasa takardar, kusan shekara 32 bayan tata. Gyara ɗaya zan yi wa tambayarka. Fushinta bai tsaya a kan mutumin da ke karɓar haya ba, tsarin da ya ba shi damar karɓa take nuna wa yatsa.

An haife ta a 1866 a garin Macomb na jihar Ilinoi. Mahaifinta, James Magie, ɗan jarida ne mai adawa da bauta, yana cikin waɗanda suka yi wa Abraham Lincoln rakiya lokacin muhawarorin neman kujerar sanata a 1858. Lizzie ta yi aiki a Washinton tana buga tafireta da ɗaukar magana da gajeren rubutu, a ofishin da ake tara wasiƙun da aka rasa masu su. A bakin wannan sana'a ta samu takardar ƙirƙirarta ta farko a 1893, a kan wani gyara da ta yi wa keken rubutu don takarda ta riƙa ratsa shi cikin sauƙi. Ka lura da wannan, don yana nufin lokacin da ta zo kan wasan ta riga ta san ƙofar ofishin, ta san yadda ake zana abu a rubuta iƙirarin cewa sabo ne. Tana kuma rubuta waƙoƙi da gajerun labarai, tana fitowa a wasan kwaikwayo. Abin da ba ta da shi shi ne ƙuri'a, don sai a 1920 kundin tsarin mulkin Amurka ya tabbatar wa mata 'yancin zaɓe. Mace mai ra'ayin siyasa a 1903 dole ta nemi wata hanyar isar da magana.

Ra'ayin kuwa na Henry George ne, marubucin tattalin arziki ɗan Amurka, wanda littafinsa Progress and Poverty ya fito a 1879, kuma mahaifinta ne ya haɗa ta da shi. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa. Ɗauki fuloti biyu masu girma ɗaya, ɗaya a bayan gari, ɗaya a bakin kasuwa. Na bakin kasuwar ya ninka wancan tsada sau da yawa, alhali mai shi bai zuba masa ko kwandon ƙasa ba. Titin da aka shimfiɗa, da kasuwar da ta cika, da jama'ar da suka taru, su suka ba shi daraja. Mai fili yana kwance, gari yana yi masa aiki, shi kuma yana ƙara kuɗin haya gwargwadon abin da mutane za su iya biya. Don haka in albashi ya ƙaru, haya ta bi shi ta haɗiye ƙarin. Maganin George shi ne a ɗora haraji a kan darajar filin kaɗai, ban da ginin da ke kansa, ban da gumin mai aiki, ban da ciniki, a soke sauran haraje-haraje. Shi ya sa ake kiran mabiyansa 'yan haraji ɗaya. Ba ƙananan mutane ba ne a lokacin: George ya yi takarar magajin garin Niyok a 1886, ya zo na biyu, yana gaba da Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka.

Wannan tunanin ma ya taɓa ƙasarmu. Percy Girouard, wanda ya yi gwamnan Arewacin Najeriya daga 1907 zuwa 1909, yana da ra'ayin George, haka Josiah Wedgwood, ɗan majalisar Ingila da ya zauna a kwamitin filayen Arewa na 1908. Daga aikin kwamitin aka fitar da dokar 1910 da ta sa filaye ƙarƙashin ikon gwamna, kuma daga zuriyarta dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta fito. Ko abin ya haifar da adalcin da George ke mafarki, wannan wata magana ce daban, don 'yan mulkin mallaka suna da nasu lissafin.

To ga allon da ta zana. Murabba'i ne, hanya ta kewaye shi ta dawo inda ta faro. A zamanin yawancin wasannin da ake sayarwa tsere ne, irin lido, ka tashi nan ka ƙare can. Nata ba shi da ƙarshen hanya, zagayawa kake yi kamar yadda wata ke ƙarewa wani ya kama. Gurbin farko ta rubuta masa cewa aiki a kan ƙasa shi ke haifar da lada, kuma duk wanda ya wuce ta nan zai karɓi dala 100. A hanya akwai filayen saye da haya, da layukan dogo huɗu, da kamfanin ruwa da na wuta. Akwai gurabun larura, irin su burodi da gawayi da sutura da matsuguni, inda kake biyan harajin dala 5, don ta nuna yadda haraji ke ɓuya a cikin kayan masarufi. Akwai wata kusurwa da aka hana shiga, wadda a bugun 1906 ta zama gandun wani basarake mai suna Lord Blueblood. In ka taka ta sai kurkuku, ba ka fita sai ka biya tarar dala 50 ko ƙwayoyin dayis ɗinka biyu su faɗi tagwaye. Akwai filin shaƙatawa na jama'a inda ba a biyan ko sisi, da gidan gajiyayyu don wanda ya tsiyace. Duk wanda ya taɓa buga Monopoly zai gane kowace kusurwa.

Bambanci ɗaya babba: a takardar 1904 wasan yana ƙarewa ne bayan adadin zagayen da aka yanke tun farko, sai a ƙirga dukiya. Ba sai an karya kowa an bar mutum ɗaya ba.

Yadda hujjar ke shiga cikin dokoki kuwa, gara mu duba da alƙaluman Monopoly na Amurka, tunda su kowa zai iya buɗe kwali ya tabbatar. Gurbi 40 ne, 28 daga ciki ake saye: tituna 22 da aka kasa launi takwas, layin dogo 4, kamfanonin ruwa da wuta 2. In ka haɗa farashinsu duka dala 5,690 ne. Kowane ɗan wasa yana farawa da 1,500, ke nan mutum huɗu suna riƙe da 6,000, abin da ya isa a saye allon kaf. Kuɗin da kowa ke da tabbacin samu shi ne 200 na wucewa ta gurbin farko. Dayis biyu matsakaicin abin da suke bayarwa 7 ne, don haka zagaye ɗaya yana cin jifa kamar shida. Albashin nan ba ya ƙaruwa daga farkon wasa har ƙarshensa. Haya ita ce ke ƙaruwa.

Ɗauki tituna uku masu launin lemo. Farashinsu 180, 180 da 200, jimla 560. Hayar na farkon ba gini dala 14 ce. In ka haɗa ukun a hannunka ta ninka, kuma sai a lokacin ne doka ta yarda ka yi gini. Kowane gida 100. Gida ɗaya ya kai hayar 70, biyu 200, uku 550, huɗu 750, otal 950. Dubi tsallen da ke tsakanin gida na biyu da na uku: dala 100 ta ƙara maka 350. Shi ya sa gwanaye ke gaggawar kai kowane titi gida uku kafin su waiwayi wani abu. Gida tara a kan titunan uku 900 ne, haɗe da kuɗin saye 1,460. Sau uku kawai za a taka maka, 550 da 550 da 600, ka mayar da uwar kuɗinka har da riba. Shi kuwa wanda ya taka, jifa ɗaya ta cinye masa albashin zagaye kusan uku.

Me ya sa lemo, ba shuɗin nan mai tsada ba? Saboda maƙwabtaka da kurkuku. Kurkuku ne gurbin da aka fi zama a kai, don hanyoyin zuwa can suna da yawa: kusurwar da ke tura ka, da katunan sa'a, da jefa tagwaye sau uku a jere. Titunan lemo suna taku 6, 8 da 9 daga ƙofarsa. A cikin hanyoyi 36 da dayis biyu ke iya faɗuwa, biyar suna ba da 6, biyar suna ba da 8, huɗu suna ba da 9. Ke nan 14 cikin 36, kusan kashi 39 cikin ɗari na masu tashi daga can da jifa ta yau da kullum a kanka za su sauka. Wannan ita ce maganar George tsirara. Darajar titin daga inda yake ta fito, daga zirga-zirgar wasu, mai shi bai yi komai ba illa riga kowa isa.

Sai kuma abin da ke faruwa da wanda ya kasa biya. Zai sayar wa banki gidajensa a rabin kuɗinsu. In bai isa ba ya jinginar da fili, nan ma rabin farashi za a ba shi, filin da ke jingine ba ya kawo haya, kuma ranar fansa sai ya ɗora kashi 10 cikin ɗari. Wato biya ɗaya mai nauyi yana rage masa kuɗin shiga na gaba, a daidai lokacin da wanda ya karɓa ke zuba kuɗin a sabon gini ya ƙara haya. Kashin dankali ke nan, kuma da gangan aka gina shi. Akwai ma dabarar ƙarancin kaya: gida 32 da otal 12 kawai ke cikin kwali, in sun ƙare ba gini. Mai wayo sai ya tsaya a gida hurhuɗu ya ƙi hawa otal, don kada gidajen su koma banki wani ya samu. Zuwa ƙarshen wasa abin har ya ba da dariya: kurkuku ya zama wurin hutu, don kana ciki kana karɓar haya, ba ka taka titin kowa.

Galibin masu ƙorafin cewa wasan ba ya ƙarewa su suka ɓata shi da hannunsu. Doka ta ce in ka sauka a fili ka ƙi saye, a yi gwanjonsa nan take. Mutane suna tsallake wannan, sai filaye su daɗe a hannun banki, launi ya ƙi haɗuwa. Sannan suna tara kuɗin haraji da tara a tsakiyar allo su ba wanda ya sauka a gurbin ajiye mota kyauta, abin da babu shi a doka. Kuɗin da ya kamata ya fita daga wasa sai ya dawo, wanda ya kusa karyewa ya farfaɗo, a kwana ana abu ɗaya.

Duk wannan rabin aikin Magie ne, rabin da ke nuna cuta. Ta rubuta dokoki na biyu masu nuna magani, waɗanda 'yan wasa za su iya amincewa su juya zuwa gare su a tsakiyar wasa. A ƙarƙashinsu hayar fili ba ta shiga aljihun mai fili, baitulmali take tafiya. Da ita ake karɓe kamfanonin ruwa da wuta da layin dogo su zama na jama'a, sannan a ƙara albashi. A bugun 1932 ta ba wannan salon suna Prosperity, wato yalwa, inda ake cin wasa in wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi ya ninka jarinsa. Niyyarta a buga na farko a sha wuya, a juya zuwa na biyu a ga sauƙi, a tashi da darasi.

Rabin maganin shi ya mutu, kuma a ganina laifin na tsari ne kafin ya zama na wani kamfani. Wasan ya zaunar da kowa a kujerar mai neman zama mai gida. Daɗin da ke cikinsa shi ne miƙa hannu a zuba maka kuɗi, kuma wanda aka karya ba ya tashi yana cewa tsarin ne mugu, cewa yake a sake sabo, wannan karon shi zai riga kowa. Juyawa zuwa dokoki na biyu tana buƙatar yardar mutane a daidai lokacin da mai rinjaye ba ya so, waɗanda aka danne kuma sun gaji. Bayan haka salon yalwa ya cire fargaba. In ba abin da zai same ka a jifa ta gaba, ba ka riƙe numfashi, hannunka ma a sanyaye yake jefawa.

Hanyar da wasan ya bi ya yaɗu ita ta ƙarasa shi. An buga shi a 1906 ta hannun Economic Game Company na Niyok, wani salonsa ya fito a Sikotland a 1913, amma ba ta kanti ya fi tafiya ba. A ƙauyen Arden na jihar Delaware, wanda 'yan haraji ɗaya suka kafa a 1900, ana buga shi. Scott Nearing, malamin tattalin arziki a jami'ar Pennsylvania, ya kai shi aji. Ɗalibai suka riƙa kwafe allon da hannu a kan ƙyallen tebur, suna sa sunayen titunan garinsu, suna koya wa abokai da baki. Abin da ake koyarwa da baki kuwa, wanda ake bugawa kawai ke tsira. Cikin shekara ashirin aka samu dubban mutane da suka iya wasan da suke kira monopoly, wato babakere, ba su taɓa jin sunan Magie ko na George ba.

Ita a nata ɓangaren ba ta zauna ba. A 1906, tana Shikago tana karɓar dala 10 a mako, ta buga talla a jarida tana sa kanta a gwanjo a matsayin baiwa 'yar Amurka, don ta nuna cewa mace mai aiki ba ta da zaɓi sai aure ko talauci. Jaridun ƙasar suka ɗauka, aka yi ta ce-ce-ku-ce. A 1910 ta auri Albert Phillips tana da shekara 44, a shekarar kuma kamfanin Parker Brothers ya buga wani wasanta na kati mai suna Mock Trial. Wasan mai gidan haya kuwa sun ƙi shi. Takardar ƙirƙira a lokacin shekara 17 take yi, ke nan ta 1904 ta mutu a 1921. Sai ta gyara wasan ta sake rajista, aka ba ta lamba 1,509,312 a 1924, wadda za ta kai 1941. Wannan takarda ta biyu ita ce kaɗai makamin da ya rage mata.

Wajen 1929 wata malama mai suna Ruth Hoskins ta koyo wasan a Indianapolis ta kai shi Atlantic City, inda Kiristoci mabiya tafarkin Quaker suka sa masa sunayen titunan garin. Daga can ya isa Filadalfiya wurin Charles Todd, shi kuma ya koya wa Darrow, wanda karayar tattalin arziki ta raba da aikinsa. Darrow ya nemi a rubuta masa dokokin, ya ƙawata zanen, ya fara sayarwa. Shaidar kwafi tana nan a allon har yau: akwai unguwa kusa da Atlantic City mai suna Marven Gardens, a allon Todd an yi kuskure an rubuta Marvin, Darrow ya kwashe har da kuskuren. Adalci ne a ce ya yi aiki, don tsabtar zanen da ƙoƙarin kai shi kantuna nasa ne. Ƙirƙirar ce ba tasa ba.

Parker Brothers suka saya daga hannunsa a 1935 da yarjejeniyar kaso a kan kowane kwali. Da lauyoyinsu suka duba sai suka ga akwai wasanni masu kama da shi a kasuwa, kamar Finance na 1932, ga kuma takardar Magie da ranta. Suka bi suna saye. A Nuwamban 1935 suka ba ta dala 500, biya ɗaya, ba kaso, da alƙawarin buga wasanninta. Ta yi murna, don a tunaninta darasin George zai shiga kowane gida. A Janairun 1936 ta yi hira da jaridun Washinton tana riƙe da tsofaffin allunanta, ɗaya daga cikin jaridun ta rubuta cewa in aka haɗa kuɗin lauya da na ɗab'i da na rajista, mai yiwuwa abin da ta kashe ya fi abin da ta samu. Kamfanin ya cika alƙawari a takarda: Bargain Day da King's Men a 1937, wasan mai gidan haya a 1939, duk ba wata talla, suka ɓace. Monopoly kuwa ya wuce kwali miliyan ɗaya a 1936 kaɗai. A ce kowane kwali dala 2 ne, kasonta kashi 5 cikin ɗari, da dala 100,000 ke nan a kan miliyan guda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ƙidayar jama'a ta 1940 ta ce sana'arta yin wasanni, a gurbin kuɗin shiga aka rubuta sifiri. Ta rasu a 1948, sanarwar rasuwarta ba ta ambaci wasan ba.

Darasin shari'a a nan yana da amfani ga duk mai ƙirƙira. Kariya iri uku ce, kowace da abin da take rufewa. Takardar ƙirƙira tana kare tsarin, amma tana mutuwa, yau bayan shekara 20 daga ranar nema. Haƙƙin mallakar rubutu yana kare kalmomin da ka rubuta dokoki da su da zanenka, amma a dokar Amurka ba ya kare dabarar wasan, kowa zai iya sake faɗinta da bakinsa. Rajistar suna da tambari ita ce ba ta mutuwa muddin ana sabuntawa ana amfani. Magie ta riƙe mai mutuwa, sunan da jama'a suka sani kuma ya faɗa hannun wasu. Kuma saboda suna ne gaskiya ta fito. Ralph Anspach, malamin tattalin arziki a San Francisco, ya fitar da wasa mai suna Anti-Monopoly a 1973, masu Parker Brothers suka ja da shi a kan sunan. Wajen kare kansa ya tono tsofaffin 'yan wasa da allunansu da takardun Magie. An yi kusan shekara goma ana shari'a, har aka binne dubban kwalayen wasansa a juji a jihar Minnesota, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya a 1982, kotun ƙoli ta ƙi sake duba hukuncin a 1983. Littafin Mary Pilon na 2015, The Monopolists, shi ya kai labarin ga jama'a sosai. Kafin nan, a ƙarshen 2012, an riga an fitar da Monopoly na Legas, Banana Island a gurbi mafi tsada, Makoko a mafi arha.

Game da wasan da kake son tsarawa, Malam, fara da rubuta darasin a jimla ɗaya, sannan ka tambayi kanka wace doka ce za ta sa ɗalibi ya ji shi a jikinsa ko da ba a karanta masa komai ba. In darasin yana cikin bayanin da ke bayan kati ne kawai, a buga na uku ba mai karantawa. Yi gwajin farko da kwali da alƙalami, wake ko murafen kwalba su zama kuɗi, kada ka ɓata lokaci a kan ado. Kafin kowa ya taɓa shi ka lissafa abu biyu: nawa ke shigowa wasan a kowane zagaye, nawa ke fita. In mai shigowa ya fi yawa ba mai karyewa, wasa ba zai ƙare ba. In mai fita ya fi yawa, kowa zai tsiyace kafin a fahimci komai. Ka yanke ƙarshensa da adadin zagaye kamar yadda ta yi a 1904, don darasin minti 40 ba ya ɗaukar wasan da sai an kori kowa, kuma yaron da aka fitar a minti na goma shi zai dami aji.

Kuskurenta kuma kada ka maimaita: kada ka bar rabin magani a matsayin zaɓi. Raba aji gida biyu, allo iri ɗaya, lokaci ɗaya, doka ɗaya tak ta bambanta, misali inda hayar fili ke zuwa. In ka canza dokoki uku a tare ba za a san wadda ta kawo bambancin ba. Kowane tebur ya samu magatakarda mai rubuta kuɗin kowa a ƙarshen kowane zagaye, a ƙarshe a jera alƙaluman teburan biyu a allo. Ka tabbatar salon maganin ma yana da abin yanke shawara, kamar a yi ƙuri'a kan abin da za a fara yi da kuɗin baitulmali, in ba haka ba yara za su ce na farkon ya fi daɗi, kuma gaskiyarsu.

In kana da kwalin Monopoly a hannu, akwai gwajin da za ka iya yi gobe ba tare da ka zana komai ba. Mutum uku su fara, su yi zagaye uku suna saye da gwanjo bisa doka. Sai na huɗu ya shigo da 1,500 ɗinsa cif, da dokoki iri ɗaya da na kowa. Ka zaɓi ɗalibin da ya fi kowa iya lissafi ya zama na huɗun, don kada a ce rashin wayo ne ya kayar da shi, kuma magatakarda ya rubuta zagaye nawa ya yi kafin kuɗinsa ya koma rabi.